Yadda Jiragen Ruwa da na Ƙasa Suka Kai Amurka Yamma

A shekarar 1803, sa'ad da Shugaba Thomas Jefferson ya sayi yankin Luwiziyana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, faɗin Amurka ya kusan ninkawa, amma mallakar ba ta wuce takarda ba, domin duwatsun Afalashiya sun gitta tsakanin biranen bakin teku da wannan sabuwar ƙasa. Manomin da ya yi ƙaura zuwa kwarin kogin Ohayo, idan ya girbe masararsa, sai ya harhaɗa jirgin katako, ya bi ruwa har Niyu Oliyans, ya sayar da kayan, ya wargaza jirgin ya sayar da katakonsa, tun da ba shi da ikon hawa kogin Misisifi da shi. Sa'an nan ya kama hanyar gida a ƙasa, makonni cikin daji, yana addu'ar Allah ya tsare shi daga 'yan fashi.

Tururi ne ya kawar da wannan mashaƙa. Bayan Robert Fulton ya gwada jirginsa a kogin Hudson a 1807, ba a jima ba jiragen tururi suka cika Misisifi, suna hawa suna gangarowa. Amma a ganina aikin da ya fi girman tasiri shi ne mashigin ruwa na Erie, wanda aka haƙa daga 1817 zuwa 1825, mil 363 tsakanin Albany da Buffalo, galibi da shebur da ƙarfin dabbobi, alhali abokan hamayyar Gwamna DeWitt Clinton, jagoran aikin, suna yi masa ba'a. Da aka buɗe shi, kuɗin dakon tan ɗaya ya faɗo daga kimanin dala 100 zuwa kimanin 10, alkamar yamma ta sami kasuwa, birnin Niyu Yok kuwa ya yi wa takwarorinsa fintinkau. Garmar ƙarfe ta John Deere, ta 1837, da injin girbi na McCormick suka cika aikin.

Sai dai ba a faɗin alherin wannan zamani a yi shiru game da zaluncinsa. Injin gurzar auduga da Eli Whitney ya ƙera a 1793 ya sa noman auduga ya bazu zuwa Alabama da Misisifi, kuma saboda haka ne aka kora bayi baƙar fata kusan miliyan ɗaya zuwa sababbin gonaki, aka raba uwa da ɗanta a kasuwa. 'Yan asalin ƙasar kuwa, dokar 1830 ta zamanin Shugaba Andrew Jackson ta halatta fitar da su daga ƙasashensu, har dubban 'yan ƙabilar Cherokee suka rasu a kan hanya a tafiyar da aka tilasta musu a 1838.

Ranar 10 ga Mayu, 1869, aka haɗa layin dogo na gabas da na yamma a Promontory cikin yankin Utah, bayan leburori 'yan ƙasar Sin sun fasa duwatsun Sierra Nevada da albarushi, tafiyar da keken shanu ke yi cikin watanni ta koma ta kamar mako guda. Wannan dogon da 'yan'uwansa ne suka kawo mafarauta, suka kuma kwashe fatu zuwa majemun gabas, har ɓakanen daji da ake ƙidayawa da miliyoyi, waɗanda su ne abinci da sutura da tanti ga ƙabilun filayen yamma, suka koma 'yan ɗaruruwa kafin 1890.