Kadan Tagulla Daga Hanyar Gwanja

A wani gida a Fakku na taɓa ganin ɗan kada na tagulla, bai wuce tsawon yatsa ba. Mai gidan ya ce gadon kakansa ne, bafatake, amma 'ya'yansa na cewa gunki ne, a miƙa wa 'yan gwangwan.

Ba gunki ba ne, dutsen awo ne. Tonawa, wato mutanen Asante, da irinsa suke auna garin zinariya, kamar yadda namu ke awo da miskali. Maƙeri yakan siffata dabbar da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla. Sai an fasa yumɓun take fitowa, shi ya sa ba biyu iri ɗaya.

A da, ayarin goro kan bi ta Jega zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. A ganina ta nan kadan ya iso. Turawan Ingila sun kama Kumasi a 1896, ba a jima ba aka daina awon.

Na roƙi dattijon kada ya sayar. Ya ce zai yi shawara.