Daga Majigi Zuwa Tafin Hannu: Tarihin Kallo a Bakin Shuɗin Nilu

A shekara ta 2017 wata gardama ta tashi a birnin Kan na ƙasar Faransa, inda ake yin babban bikin finafinai na duniya kowace shekara. Kamfanin Netflix ya kawo finafinai biyu gasa, ɗayansu shi ne Okja, amma ya ce ba zai kai su gidajen sinima na Faransa ba, sai dai kowa ya kalla a gidansa ta intanet. Masu gidajen sinima suka fusata, gama dokar ƙasar a lokacin ta ce fim ɗin da aka nuna a sinima sai ya yi wata 36 kafin irin waɗannan kamfanoni su sa shi a jerinsu. Daga shekara ta 2018 masu bikin suka kafa doka, cewa fim ɗin da ba za a nuna a sinima ba, ba zai shiga gasa ba.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bahaushe da gardamar Faransawa? Da ruwansa. Bari mu bi sawun kallo a wani yanki na Hausawa wanda ba a cika ba da labarinsa ba, wato ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Kogin Nilu a ƙasar Sudan. A can za mu ga wannan gardama da wata fuska dabam.

Mutanen da suka bi gabas

Tun da daɗewa Hausawa da Fulani suna ratsa Sudan a ƙasa, kan hanyarsu ta zuwa Makka. Waɗansu guzuri ya ƙare musu, suka tsaya noma, suka yi aure, suka zauna. Amma babbar ƙaura ta zo ne bayan yaƙin Burmi na ran 27 ga Yuli, 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Garin da suka kafa har yau sunansa yake ɗauke da shi, wato Mai Wurno. A shekara ta 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira. Gonakin suna bukatar hannuwa, mutanen yamma kuwa ba su tsoron fartanya. Ta haka unguwannin Hausawa suka yaɗu daga Wad Madani zuwa Sinja, har Rusairis da Damazin.

Zamanin majigi

Fim bai fara zuwa wa mutumin ƙauye a cikin gini ba. A mota ya zo. A shekara ta 1949 gwamnatin Turawa ta kafa sashen yin finafinai na Sudan, motoci kuwa suka riƙa zagaya ƙauyuka da injin wuta da farin ƙyalle. Da rana ta faɗi sai a kafa ƙyallen a fili, yara a gaba, manya a baya, ba a biyan ko anini. Ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan sashe shi ne Jadallah Jubara, wanda ya ɗauki hoton ranar samun mulkin kai, 1 ga Janairu, 1956.

Haka abin yake a Nijeriya ta Arewa, inda aka sa masa suna majigi. A shekarun 1950 aka yi fim ɗin Baban Larai domin a koya wa manoma gyaran noman auduga. Mu lura da wannan: daga Kano har Jazira, abin da mai majigi ya fi damuwa da shi shi ne auduga, da tsabta, da biyayya ga hukuma. Kallon kyauta ne, amma mai injin ne yake zaɓen abin da za a gani. Manomi ya ga hoton gona irin tasa, bai ga labarin kakansa ba.

Gidan sinima

A birane kuwa akwai gidajen sinima na kuɗi. An buɗe Kolosiyam a Khartum a shekara ta 1935, aka buɗe Rex a Kano a 1937. Yawancinsu ba rufi gare su ba, katanga ce da benci, da taurari a bisa, saboda haka sai dare ya yi ake farawa. A Sudan finafinan Masar da na Indiya da na kaboyin Amurka ne suka cika allo. A Kano ma Indiya ce ta ci kasuwa. Saurayin da ya ɗebi auduga a Jazira ya shiga Wad Madani da 'yan kuɗinsa, da wanda ya yi dako a Fagge ya shiga Plaza, sau da yawa rawa iri ɗaya suke kallo, cikin harshen da ba wanda yake ji a cikinsu.

Iyaye ba su taɓa sakin jiki da gidan sinima ba. A Kano, gobarar sinimar El Duniya ta ran 13 ga Mayu, 1951, wadda ta ci mutum 331, ta ƙara wa mutane tsoron wurin. Matan aure kuwa kusan ba su da rabo a ciki. Saboda haka, sa'ad da muke yabon zamanin sinima, kada mu manta cewa ƙofarta ƙunƙuntar ƙofa ce: ta maza ce, ta 'yan birni, ta mai kuɗin tikiti.

Sudan ta yi ƙoƙari ta yi nata finafinai. A shekara ta 1970 aka fito da Amal wa Ahlam, wato buri da mafarkai, a ƙarshen shekarun 1970 kuma Jadallah Jubara ya yi Tajuj, labarin ƙauna daga gabashin ƙasar. Amma ran 30 ga Yuni, 1989, soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Umar al-Bashir. Dokar hana yawon dare ta hana mutane fita a daidai lokacin da sinima marar rufi take aiki, gwamnati kuma ta janye hannunta daga harkar. Gidajen suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ga abin lura na biyu: a Sudan ba Netflix ne ya kashe sinima ba. Ta riga ta kwanta tun kamfanin bai zo duniya ba, gama sai a 1997 aka kafa shi, aikinsa na fari kuwa aika faifai ne ta gidan waya.

Kaset ya yi abin da sinima ba ta yi ba

A shekara ta 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Daga nan kasuwa ta buɗe. Kafin shekara ta 1999, lokacin da Sangaya ya fito, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kaset, sana'ar kuma ta sami sunan Kannywood. Kaset ba ya bukatar babban gini. Yana shiga jakar ɗan kasuwa da ta alhaji, ya bi tsohuwar hanyar da kakanni suka bi. Inda akwai talabijin ɗaya da ƙaramin injin wuta, an sami gidan kallo.

A ganina wannan shi ne babban juyi a tarihin kallon Bahaushe. Jikan mutumin da ya bar Sakkwato da ƙafa, wanda Larabci ya fara rinjayar harshensa, ya zauna ya ji ana gaisuwa, ana faɗa, ana neman aure da harshen kakarsa. Matan da ba su taɓa taka ƙofar sinima ba suka kalla a tsakar gida. Gaskiya ne an yi ta sukar finafinan saboda kwaikwayon rawar Indiya, sukar kuwa tana da dalili. Duk da haka gani ya kori ji. Kano da ake ba da labarinta da baki ta fito a kan allo.

Zamanin tafin hannu

Abin da kaset ya yi wa sinima, shi waya ta yi wa kaset da faifai. A tsakiyar shekarun 2010 masu tura fim a waya suka cika kasuwanni, ana biyan 'yan kuɗi kaɗan a cika wa mutum katinsa, mai fim kuwa bai ga ko kwabo ba. Kasuwar faifai ta mutu. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki ta tauraron ɗan'adam, ta kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa. Sa'an nan masu shirya fim suka koma YouTube. Izzar So, wanda ya fara a 2020, da Labarina na Aminu Saira, sun nuna cewa ana iya rayuwa ba tare da gidan sinima ko shagon faifai ba. Kuɗin talla ne yake biyan aikin, yawan masu kallo kuwa shi ne ma'auni.

A wancan gefe manyan kamfanoni sun ci gaba da yin nasu finafinai. A 2015 Netflix ya fitar da Beasts of No Nation, wanda aka ɗauka a Gana. A 2018 ya sayi Lionheart na Genevieve Nnaji daga Nijeriya. Fim ɗinsa Roma ya ci kyautar Oskar uku a 2019, a 2022 kuma CODA na kamfanin Apple ya ci babbar kyautar gaba ɗaya. Amma wannan ƙofa ma ƙunƙunta ce. Tana bukatar katin banki da intanet mai ƙarfi, Sudan kuwa ta zauna a ƙarƙashin takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017, ba ta da hanyar irin wannan biya. Har wa yau, a Janairu 2024 kamfanin Amazon ya janye daga ba da kuɗin sababbin finafinai a Afirka. Shawarar da aka yanke a ofis mai nisa ta tsai da aikin mutane da yawa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da yaƙi ya koyar

A shekara ta 2019 finafinai biyu suka fitar da sunan Sudan. Na fari, wanda Suhaib Gasmelbari ya yi, ya bi waɗansu tsofaffi huɗu na Ƙungiyar Fim ta Sudan suna fama su sake buɗe wata tsohuwar sinima a Omdurman, hukuma tana ta ja musu rai har abin ya gagara. Ya ci kyauta a Balin. Na biyu, na Amjad Abu Alala, sunansa Satamutu fil Ishrin, wato za ka mutu kana da shekara ashirin. Labarin wani yaro ne a wani ƙauyen Jazira, wanda wani dattijo ya buɗe masa ido da tsohon injin majigi. Ya ci kyauta a Benis.

Ran 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke. Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, soja ba su karɓe ta ba sai Janairu 2025. Sinja ma ta faɗi a Yuni 2024. A Fabrairu 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a yawancin ƙasar, kamar yadda aka taɓa yanke su a Yuni 2019 da Oktoba 2021. A irin wannan rana, mai tsohon faifai a akwati yana da abin kallo. Wanda dukan finafinansa suke a intanet kuwa, baƙin gilashi kaɗai ya rage a hannunsa. Abin da muke kallo ta intanet ba namu ba ne, aronsa muke yi.

Ga kuma wani abin mamaki. A cikin wannan shekara ta 2023 fim ɗin Wada'an Julia na Muhammad Kordofani ya ci kyauta a Kan, birnin da aka yi gardamar nan. Da aka kai shi gidajen sinima na Masar, 'yan Sudan da yaƙi ya kora suka cika kujeru. Kusan kowannensu yana da waya a aljihu. Me ya kai su sayen tikiti? Sun je ne su zauna kusa da juna, su ga titunan Khartum tare, su yi kuka inda na kusa zai gane dalili. Wannan ne abin da waya ba ta iya bayarwa.

Abin da ya rage gare mu

Idan muka duba wannan tarihi daga majigi har zuwa yau, za mu ga kayan aiki suna ta sakewa, amma tambayoyi biyu ba su sake ba. Wa yake zaɓen labarin? Da wa kuma muke kallonsa? Majigi ya tara mutane, amma labarin na hukuma ne. Sinima ta tara su, amma labarin na Bombai ne da Alƙahira. Kaset ya kawo harshenmu, ya kuma bar mu tare a tsakar gida. Waya ta kawo harshenmu fiye da kowane lokaci, amma ta raba mu, kowa da nasa allo, uba bai san abin da ɗansa yake gani ba.

Maganar ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. A Yuli 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da waɗansu maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, rayuka fiye da 100 suka salwanta. A cikin zafin gardamar aka ji ana kiran Hausawa baƙi, mutanen da kakanninsu suka yi fiye da shekara 100 suna noman wannan ƙasa. Jama'ar da ba ta ba da labarinta ba, wani zai ba da shi a madadinta, ba kuwa yadda take so ba.

Saboda haka ina roƙon matasanmu, na gabas da na yamma. Wayar da take hannunku ta fi injin Jadallah Jubara sauƙin ɗauka. Ku zauna gaban tsofaffi tun suna da rai, ku ɗauki labarin tafiya daga Burmi, da na haƙa magudanan Jazira, da waƙoƙin ɗibar auduga. Ku sa a YouTube domin na nesa, amma ku ajiye kwafi a gida, gama kun ga yadda layi yake ɗaukewa. Sa'an nan, in dare ya yi, ku kafa farin ƙyalle a fili kamar dā, ku kira maƙwabta, har da waɗanda ba Hausawa ba, yara a gaba, manya a baya. A wannan karo ku ne masu injin.