Tsara Addu'o'in Musulunci Domin Aikin Ba da Shawara a Makarantun Birnin Gwari

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda za a tsara addu'o'in da suka zo a Alƙur'ani da Hadisi ta yadda malamin ba da shawara zai lalubo wadda ta dace da halin ɗalibi cikin hanzari. Hanyar da aka bi ita ce auna tsarin fitattun littattafan addu'a da buƙatun yaron da rashin tsaro ya taɓa a ƙasar Birnin Gwari.

Yanayin Fagen Nazari

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, a gefen dajin Kamuku wanda ya haɗe da dazuzzukan jihohin Zamfara da Neja, kuma 'yan bindiga sun daɗe suna fakewa a cikinsa. A watan Maris na 2021 an kai hari makarantar firamare ta Rama aka tafi da malamai uku, sannan a ranar 7 ga Maris, 2024, aka kwashe ɗaliban Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun mai maƙwabtaka, inda aka sako ɗalibai 137 bayan fiye da mako biyu. Sulhun da gwamnatin jihar ta Uba Sani ta ƙulla da 'yan bindigar a watan Nuwamba na 2024 ya buɗe kasuwar kara da hanyoyi, amma firgicin da yara suka kwasa bai tafi tare da ƙarar bindiga ba. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi aikin jagoranci da ba da shawara a makarantu, sai dai a karkara aikin yakan faɗa ne a kan malamin addini, wanda addu'a ita ce abin farko da yake miƙa wa yaron da ya zo masa da damuwa.

Tsarin Littattafan Addu'a

Magabata ba su bar addu'o'i a warwatse ba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya jera Al-Azkar bisa munasaba, wato lokaci ko halin da ake karanta addu'a a cikinsa, kuma wannan tafarki ne Sa'id al-Ƙahɗani ya bi a Hisnul Muslim, wanda Hausawa suka sani da Garkuwar Musulmi. Dala'ilul Khairati na Jazuli kuwa an raba shi ne bisa ranakun mako domin wuridi. Abin lura shi ne Ibnul Jazari ya kammala Hisnul Hasin a shekara ta 791 bayan Hijira, lokacin da runduna ta yi wa Dimashƙa ƙawanya, ke nan tattara addu'a domin mutanen da tsoro ya kewaye tsohon aiki ne a tarihin ilimin Musulunci.

Giɓin da ake gani shi ne waɗannan littattafai an tsara su ne domin wanda ya riga ya san sunan abin da yake damunsa. Yarinyar da aka kashe mahaifinta a gona ba ta zuwa da taken babi, abin da take cewa shi ne gabanta yana faɗuwa idan ta ji ƙarar babura, ko barci ya ƙaurace mata, ko kuwa ta yi shiru tana murza bakin hijabinta har a tashi daga aji.

Tsarin da Ake Ba da Shawara a Bi

Saboda haka ya kamata fihirisa, wato jerin kalmomin da ake bi a kai ga bayani, ta faro daga bakin ɗalibi: faɗuwar gaba, firgita cikin barci, ƙuncin zuciya, maraici, fargabar jarrabawa. Kowace kalma sai a ɗaure ta da addu'ar da ta dace, a rubuta matanin Larabci da wasali, da fassarar Hausa a boko da ajami, da littafin da ta fito, da darajar hadisin, wato ingantacce ne ko mai rauni. Ƙuncin zuciya, alal misali, zai kai mai bincike ga addu'ar Annabi Yunusa a aya ta 87 ta Suratul Anbiya, da hadisin Ibn Abbas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, yayin da rashin mahaifi zai kai shi ga hadisin Ummu Salama a Sahihu Muslim.

Gurbin da ya fi kowane muhimmanci a fihirisar shi ne na iyaka, inda za a bayyana alamomin da ke wajabta tura yaro asibiti, kamar daɗewar rashin barci, da ƙin abinci, da furta son mutuwa, domin addu'a da neman magani ba su taɓa zama kishiyoyi a shari'a ba, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, cikin Kaduna. Haka nan dole ne rumbun addu'o'in ya yi aiki ba tare da intanet ba, ko a waya ko a katuttukan takarda cikin akwati, tunda a ƙarshen 2021 gwamnati ta katse layukan sadarwa a yankin na tsawon makonni. Sunan ɗalibi ba zai shiga rumbun ba, kuma ɗaliban da ba Musulmi ba suna da haƙƙin a saurare su bisa addininsu ba tare da tilastawa ba.

Aikin tantance matani na malaman hadisi ne, tattara kalmomin yara kuwa na malaman aji ne da masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ya rage ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna da Masarautar Birnin Gwari su haɗa waɗannan ɓangarori a zaure ɗaya, su fara gwajin tsarin a makarantun da aka sake buɗewa.