Rundunar da Aka Harhaɗa Cikin Gaggawa

Ranar 9 ga Agusta, 1967, sojojin Biyafara suka tsallake Kogin Kwara ta gadar Onica, suka kama Benin a yini guda. Kafin mako biyu Kanar Victor Banjo ya kai su Ore, tazarar kusan kilomita 200 daga Legas. Hankalin kowa ya tashi, har da 'yan goron Agege, maƙwabtan barikin Ikeja, waɗanda suka san cewa tun bayan kashe-kashen 1966 ɗan Arewa ba zai ji da daɗi ba idan birnin ya faɗi.

Babu rundunar da za ta tare hanya. Ta ɗaya tana can fagen Nsukka, dakarun Kanar Adekunle kuma suna Bonny. Sai shugaban ƙasa Gowon ya ɗora wa Murtala Muhammed, mutumin Kano, hafsan sadarwa, nauyin kafa Runduna ta Biyu.

Da wa? Da duk wanda ya samu. An kwaso akawu, da kuku, da direbobin bariki. An kira 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin Bama, wasu har da furfura. Samari kuma suka yi ta kawo kansu, a ba su kaki da bindiga bayan horon 'yan makonni. Ga Legas wannan ba baƙon abu ba ne: a 1863 wani hafsan Birtaniya, Glover, ya tara Hausawa 18, daga nan sojan Nijeriya ya samo tushe.

Gaggawar ta yi rana da farko. An kora Biyafara daga Ore, an karɓe Benin a watan Satumba. Amma sojan da bai ƙoshi da horo ba, riƙe shi sai an dage. A Asaba, ranar 7 ga Oktoba, dakarun rundunar suka harbe ɗaruruwan maza fararen hula, tabon da ba a cika faɗa a wajenmu ba, alhali ya kamata a faɗa. Daga nan Murtala ya nace sai ya ƙetare kogi zuwa Onica a jiragen ruwa. Sau uku ana gwadawa, ruwa da harsashi suna cin mutane. Sai a Maris 1968 garin ya faɗi, bayan an zagayo ta tudu. A ƙarshen watan, kwanton ɓauna a Abagana ya ƙone ayarin motoci kusan 100, bayan wuta ta kama tankar mai.

Ba a daɗe ba Ibrahim Haruna ya karɓi ragamar rundunar daga Murtala. Hedikwatar rundunar a yau tana Ibadan.