Dokokin Super-DMCA na jihohin Amurka: rigimar ikon mai saye a kan intanet ɗinsa da na'urarsa

Super-DMCA laƙabi ne da masana kwamfuta da masu fafutuka suka liƙa wa wasu dokoki da jihohin Amurka da dama suka kafa, ko suka yi yunƙurin kafawa, a farkon shekarun 2000. Masu goyon bayansu sun ce an yi su ne don hukunta ɓarayin tashoshin talabijin na biya da sauran hidimomin sadarwa. Masu adawa kuwa sun nuna cewa an faɗaɗa kalmomin dokokin har sun bai wa kamfanin sadarwa ikon zaɓar abin da mai saye zai haɗa da layin da yake biya, kuma saɓa wa kamfanin na iya zama laifin da ke kai mutum gidan kaso. Rigimar ta yi zafi a shekarar 2003.

Asalin sunan da inda dokokin suka fito

DMCA dokar haƙƙin mallaka ce ta tarayya wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Oktoba na 1998. Ta haramta karya makullin da kamfanoni ke sa wa fina-finai da kiɗa da manhajoji don hana kwafa. Da dokokin jihohi suka zo, masu suka suka ga sun zarce ta tarayya tsanani, domin ba su ƙunshi irin sassaucin da ita ta yi wa masu bincike da ɗakunan karatu ba. Daga nan aka sa musu Super-DMCA, wato DMCA da ta wuce gona da iri.

Ƙungiyar manyan kamfanonin fim na Amurka, MPAA, ita ce ta yi ta tallata samfurin daftarin daga wannan majalisar jiha zuwa waccan, da goyon bayan kamfanonin talabijin na biya. Dama jihohin suna da tsofaffin dokokin hana satar talabijin ta waya da haramtacciyar dikoda, don haka aka gabatar da sababbin a matsayin ɗan kwaskwarima ga tsofaffin. Kafin jama'a su farga, jihohi irin su Pennsylvania da Delaware da Maryland da Illinois da Michigan sun riga sun amince da nasu.

Abin da suka haramta

Kalmomin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma abubuwa uku ne ginshiƙan samfurin.

Na farko shi ne mallaka, ko ƙerawa, ko sayar da na'ura ko manhajar da za a karɓi hidimar sadarwa da ita, ko a tura ta gaba, ba tare da izinin kamfanin a fayyace ba. Hidimar sadarwa a nan ta haɗa da talabijin da tarho da intanet baki ɗaya.

Na biyu shi ne ɓoye wa kamfanin inda saƙo ya fito ko inda ya dosa, ko taimaka wa wani ya ɓoye.

Na uku shi ne rarraba bayani ko zanen yadda ake haɗa irin waɗannan na'urori.

Hukuncin ba na wasa ba ne. A Michigan, inda dokar ta fara aiki ranar 31 ga Maris 2003, laifin na iya janyo ɗaurin da ya kai shekara huɗu. Wasu daftarorin kuma sun ba kamfani damar kai ƙara ya nemi diyyar dala 1,500 zuwa 10,000 a kan kowace na'ura.

Dalilan masu adawa

A ƙarshen watan Maris na 2003 Edward Felten, farfesan kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Princeton, ya ja hankalin jama'a ga daftarorin da ke gaban majalisun Massachusetts da Texas. Ya nuna cewa haramta ɓoye asalin saƙo ya shafi kayan aikin da kusan kowane ofis da gidaje da yawa ke amfani da su kullum.

Misali mafi sauƙi shi ne rauta, ƙaramar na'urar da ke raba intanet ga mutanen gida. Kamfani yakan bai wa mai saye adireshin intanet guda ɗaya. Rauta ce ke tara kwamfutoci da wayoyin gidan a bayan wannan adireshi, ta wata dabara da ake kira NAT, ta yadda kamfanin ba ya sanin wace na'ura ce ta aika wane saƙo. Katangar tsaro da ke kare kwamfutocin ma'aikatu daga masu kutse ita ma takan yi haka. VPN kuwa aikinsa ke nan: yana kulle bayanai ya bi da su ta wata hanya, kamfanin ya ga bayanai na wucewa amma bai san inda suka nufa ba. Bankuna da asibitoci da ma'aikatan da ke aiki daga nesa duk sun dogara da shi.

Ƙungiyar Electronic Frontier Foundation da ƙungiyoyin ɗakunan karatu da ƙungiyar kamfanonin ƙera kayan lantarki sun ƙara da wata hujja a kan batun izini. Sharuɗɗan da mai saye ke sa wa hannu yarjejeniya ce tsakaninsa da kamfani. In ya saɓa, a yanke masa layi ko a bi shi diyya. Dokokin nan sun ɗauko wannan yarjejeniya sun jingina ta da dokar laifuka. Ke nan kamfani zai iya rubuta cewa na'urarsa kaɗai za a haɗa da layin, ko kuma a biya ƙarin kuɗi kan kowace kwamfuta, ƴan sanda da kotu su zama masu tilasta masa.

Wannan ya ci karo da wata tsohuwar ƙa'ida ta Amurka. A 1968, a shari'ar Carterfone, hukumar sadarwa ta FCC ta yanke cewa mai tarho na da damar haɗa na'urar da ba ta kamfanin AT&T ba da layinsa, muddin ba za ta lalata layin ba. Wannan hukunci ne ya buɗe ƙofa ga na'urar faks da modem, wadda da ita miliyoyin mutane suka fara shiga intanet.

Martanin MPAA shi ne ba wanda ke da niyyar gurfanar da mai rauta, ɓarayi ake nema. Masu adawa suka ce alƙali ba ya aiki da abin da ke zuciyar wanda ya rubuta doka, da abin da ke rubuce yake aiki.

Illar farko: masu bincike sun janye ayyukansu

Tsoron dokar ya fara aiki tun kafin a ji labarin shari'a. A watan Afrilu na 2003 Niels Provos, ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Michigan, ya kwashe takardun bincikensa da manhajojinsa na tsaro ya mayar da su wata kwamfuta a ƙasar Holan. Cikinsu akwai Honeyd, wadda ke ƙirƙirar kwamfutocin bogi don yaudarar masu kutse. A Illinois, Tom Liston ya daina rarraba LaBrea, manhajar da ya rubuta don riƙe ƙwayoyin cutar kwamfuta irin su Code Red ta hana su yaɗuwa da sauri. Duka biyun kayan kariya ne, amma aikinsu ya ƙunshi ɓoye gaskiyar inda saƙo ya fito.

Yadda rigimar ta ƙare

Masu adawa sun bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, suna halartar zaman jin ra'ayin jama'a suna nuna wa ƴan majalisa na'urorin da dokar za ta shafa. Matsin ya sa MPAA ta gyara samfurinta ta saka sharaɗin cewa sai an tabbatar da niyyar damfarar kamfani. A watan Mayu na 2003 gwamnan Colorado, Bill Owens, ya ƙi sa hannu a kan dokar da majalisar jiharsa ta zartar. A Texas daftarin bai kai labari ba, a Tennessee aka ɗage shi. Sai dai ba ko'ina aka yi nasara ba, domin Arkansas da Florida sun kafa nasu a wannan shekarar.

Tambayar ta sake dawowa ta wasu ƙofofi. A watan Janairu na 2013 sassaucin da ya halatta buɗe wayar da kamfani ya kulle a kan layinsa ya ƙare ga sababbin wayoyi a Amurka. Mutane fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa fadar White House, kuma ranar 1 ga Agusta 2014 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar da ta dawo da wannan dama. A Faransa, dokar Hadopi ta 2009 ta tanadi yanke intanet ɗin wanda aka yi ta saukar da fim ko kiɗa ba bisa ƙa'ida ba ta layinsa. Ranar 10 ga Yuni 2009 Majalisar Tsarin Mulki ta ƙasar ta ce alƙali kaɗai ke da ikon yanke irin wannan hukunci, kuma a 2013 aka soke hukuncin yankewar.

Abin da ya shafi masu amfani da intanet a yankinmu

Kayan aikin da aka yi rigima a kansu a 2003 su ne a hannun jama'a yau a Maradi da Garwa da Njamena: raba intanet daga waya zuwa waya, rauta ɗaya ga gida ko shago, buɗe wayoyin hannu-biyu da ake shigowa da su a kulle, da VPN. Lokacin da Chadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, da VPN mutane da yawa suka riƙa shiga. Da Najeriya ta dakatar da Twitter a watan Yuni na 2021, ministan shari'a Abubakar Malami ya ba da umarnin gurfanar da masu karya dokar dakatarwar. A watan Yuli na 2022 kotun CEDEAO ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Dalilan gwamnatocin nan sun bambanta da na kamfanonin fim na Amurka, amma duk wata dokar da ta hana ɓoye hanyar saƙo, kayan aiki iri ɗaya take faɗa wa.

Daga rigimar Super-DMCA ana iya fitar da tambayoyi huɗu da za a auna kowane daftarin dokar intanet da su. Shin mugun aiki yake hukuntawa, ko mallakar kayan aikin kawai? Ya buƙaci a tabbatar da niyyar zamba? Wa ke ba da izini, doka ko kamfani? Ya keɓe masu bincike da malamai da masu gyaran waya? A Colorado da Texas an yi waɗannan tambayoyi tun daftarin bai zama doka ba, kuma bai zama ba. A Michigan da Illinois an yi su ne bayan an riga an sa hannu.