Kasa: Haruffa Huɗu, Ma'ana Barkatai

Idan manomi a Tabanni, ƙasar Birnin Gwari, ya ce ya yi kiciɓis da kasa a bakin daji, kowa ya san maciji yake nufi. Mai tumatir ta kasa kayanta a kasuwa, yaro kuma ya kasa ɗaga buhun masara. A baka babu mai ruɗewa, domin tsawon wasali da karin sauti sun raba su. A takarda kuwa, haruffa huɗun nan ne dai.

Turawa ma suna da irin wannan, har ma tsakanin harsuna. Kalmar "gift" kyauta ce a Ingilishi, guba ce a Jamusanci, a harshen Suwidin kuma tana iya nufin mai aure. Ta Hausa a cikin gida take, kuma tana da tarihi.

Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa, bai sa alamar dogon wasali ko karin sauti ba. Alhali kuwa malaman ajami sun daɗe suna ja da alif da wawu da ya. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya nuna tsawo da kari duka, amma ofishin talifi na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, bai bi shi ba. Abin da ya tabbata a shekarun 1930 shi ne haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. A kan wannan tsari Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939.

An sake gwadawa. Taron Bamako na 1966 ya amince a riƙa ninka dogon wasali, Nijar ta yi aiki da hakan, har taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutun ƙasashen biyu aka bar shi.

Mai karatu ya saba, jimla ke nuna masa hanya. Abin damuwa shi ne waya, inda ake yar da lanƙwasa, ƙasa ma ta koma kasa. Wannan nauyi ne da ba dole ba, tunda yanzu wayoyi suna da allon rubutun Hausa. Malaman makaranta da 'yan jarida ya kamata su fara riƙe lanƙwasar nan.