Amfani da Guba Wajen Kashe Ɓeraye a Lambunan Tambuwal da Kebbe

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suna kudancin Jihar Sakkwato, inda jihar ta yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. A ƙidayar shekarar 2006 an sami mutum fiye da 220,000 a Tambuwal, da fiye da 120,000 a Kebbe, kuma akasarinsu manoma ne da makiyaya. Albarkar Gulbin Zamfara da tafkuna irin na Romo da fadamun da ke kewaye da su ta sa aikin gona ba ya tsayawa da ɗaukewar damina. Da zarar an kawar da amfanin kaka, sai a koma lambu, wanda ake kira garka a wannan yanki, a dasa albasa da tumatir da tattasai da attarugu da dankali, wasu kuma su zuba shinkafar rani. Tun daga shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, injin ban-ruwa ya yawaita, lambuna suka ƙara faɗi.

A daidai lokacin da lambu ke yin kore, daji ya bushe, ciyawa ta ƙare, sau da yawa ma an cinna mata wuta. Saboda haka duk wani ɓera da ke kewayen sai ya nufo fadama. Yana tone irin da aka shuka, ya datse shinkafa tun daga tushe, ya huda tumatir da kankana, ya ƙwaƙule dankali a ƙarƙashin ƙasa, har tiyon ban-ruwa ba ya tsira. Manomin da ya ci bashin taki da man inji ba ya kallon wannan a matsayin ƙaramar ɓarna. Abin da ya fi saurin zuwa hannunsa shi ne maganin ɓera, wanda ake samu a kasuwar ƙauye da kuɗi kaɗan.

Ire-iren ɓerayen lambu

Ba dukkan abin da ake kira ɓera ba ne iri ɗaya. Wanda ya fi ɓarna a gonakin Afirka ta Yamma shi ne ƙaramin ɓera mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomis. Macensa tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 23, ta haifi 'ya'ya goma ko fiye a lokaci guda. Shi ne kuma ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu a shekarar 1969. Akwai ɓeran ciyawa mai yawo da rana, akwai gafiya, akwai kurege. Ita kuwa jaba, da mutane da yawa ke haɗa ta da ɓera, ƙwari take ci, don haka mataimakiyar mai lambu ce. Gafiya ma tana da ranarta: a ƙasar Tanzaniya ƙungiyar APOPO tana horar da irinta su shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa da kuma cutar tarin fuka a cikin majina.

Tarihi ya nuna cewa ɓeraye kan yi yawa fiye da kima idan damina mai kyau ta biyo bayan fari, kamar yadda aka gani a ƙasashen Sahel a 1975 zuwa 1976, da kuma 1986 zuwa 1987.

Magungunan da yadda suke kisa

Maganin ɓera na gaskiya kashi biyu ne. Na farko shi ne mai kisa nan take, wanda aka fi sani a cikinsa shi ne zinki fosfaid, wani baƙin gari mai warin tafarnuwa da ake cakuɗawa da hatsi ko garin kifi. Idan ya isa ciki sai ya haɗu da ruwan tsamin tumbi ya saki iskar fosfin, wadda ke lalata zuciya da huhu da hanta cikin sa'o'i. Ba shi da makari, ga ɓera ko ga ɗan Adam. Yana kuma da wani aibi da manoma da yawa suka lura da shi: ɓeran da ya ɗanɗana kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ba zai sake kusantar wannan abinci ba. Shi ya sa a daren farko ake tsintar gawarwaki da yawa, daga nan sai a ga kamar maganin ya daina aiki.

Kashi na biyu shi ne mai hana jini daskarewa. Na farkonsa, warfarin, ya fito ne daga binciken Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, aka fara amfani da shi a kan ɓeraye a ƙarshen shekarun 1940. A 1958 aka gano ɓerayen da ba ya kashewa a Sikotlan, abin da ya kai ga ƙirƙiro masu ƙarfi irin su burodifakum da buromadiyolon a shekarun 1970. Waɗannan sukan ɗauki kwana uku zuwa bakwai kafin su kashe, ɓeran yana zubar da jini ta ciki, yana tafiya a galabaice a fili. Makarinsu shi ne bitamin K1, idan an kai mutum asibiti da wuri. Sai dai dafinsu yana zama a hantar dabba na tsawon watanni, duk abin da ya ci gawar kuma ya gaji dafin.

Bayan waɗannan akwai abin da bai kamata a kira maganin ɓera ba sam, amma ana amfani da shi a haka: fiya-fiya da sauran magungunan feshin ƙwari, da ƙulle-ƙullen leda marasa suna da ake tallarsu da sunan shinkafar ɓera, waɗanda mai sayarwar kansa bai san abin da ke cikinsu ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin yi wa irin waɗannan kayayyaki rajista, kuma a 2019 ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan gama-gari saboda yawan mutuwar da ake samu ta dalilinsa. A watan Afrilun 2014 mutum huɗu sun rasu a Ƙaramar Hukumar Gaya ta Jihar Kano bayan cin abincin da aka zuba wa maganin ɓera, lamarin da ya nuna yadda ko yaro ke iya sayen wannan guba ba tare da an tambaye shi komai ba.

Matsayin addini

Game da halaccin kashe ɓera kansa babu jayayya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ɓera na cikin halittu biyar masu cutarwa da aka yarda a kashe su ko da a cikin Harami, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ilimi a wannan ƙasa suka tashi da ita, ta ba wanda ke cikin haramar Hajji damar kashe shi. Kare dukiya da lafiya na cikin manyan manufofin shari'a. Saboda haka mai lambun da ya tashi kare albasarsa bai yi laifi ba.

Amma izinin kisa bai zama izinin azabtarwa ba. Hadisi na 17 a cikin Arba'una ta Imam Nawawi ya yi umarni da kyautatawa a cikin komai, har a wajen kisa da yanka. Risalar nan da ta halatta kashe ɓera ita ce ta karhanta kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta. Idan an yi wa ƙwarƙwata wannan sassauci, to ɓeran da yara ke zuba wa kananzir su cinna masa wuta don nishaɗi fa? Bisa wannan ma'auni, tarkon ƙarfe mai karya wuya nan take ya fi gubar da ke ɗaukar kwanaki sauƙin azaba, ya kuma fi allon gam da ɓera ke maƙalewa a kai ya kwana yana ƙoƙarin ƙwacewa har yunwa da ƙishirwa su kashe shi. Yankin Wels na Birtaniya ya haramta wannan allo a 2023. Wanda ya ɗana shi, ko ya binne tulu da ruwa don ɓera ya faɗa, wajibi ne ya riƙa dubawa da sassafe ya gama da abin da ya kama ba tare da jinkiri ba.

Babbar matsalar guba kuwa ita ce ba ta tantance wanda take kashewa. A nan ne hadisi na 32 na Arba'una, wanda ya hana cuta da cutarwa, yake shigowa. Lambun fadama ba ɗaki ba ne mai ƙofa. Kajin maƙwabta da zabi suna shiga, akuya na tsallake shinge, yara na tsintar tumatir, shanun Fulani na saukowa shan ruwa da kiwon ragowar ganye. Hatsin da aka jiƙa da guba aka watsa a kan kunya yana gaban duk waɗannan. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya ko ya ajiye wani abu a hanyar jama'a inda ba shi da iznin yin haka, idan abin ya halaka wani. Kamanceceniyar wannan da barbaɗa guba a bakin burtali ko mashaya a bayyane take, ko da yake yanke hukunci aikin alƙali ne. Dokar laifuffuka ta Final Kot ma ta ɗauki sanya wa dabbar wani guba a matsayin laifi. Kuma a wurin da zaman manomi da makiyayi ke buƙatar lallaɓawa, saniya ɗaya da ta faɗi a gefen lambu na iya tayar da fitinar da ta fi ƙarfin mai unguwa.

Masu cin ɓera

Akwai wata asara da ba a kai ƙararta gaban kowa. Mujiya da shaho da shirwa da tunku da muzuru da kyanwa da macizai su ne ke rage yawan ɓeraye dare da rana ba tare da an biya su ba. Ɓeran da guba ta galabaitar shi ne suka fi saurin kamawa. Su kuma ba sa hayayyafa kamar ɓera: shaho kan yi 'ya'ya ƙalilan a shekara, alhali ɓera na iya maye gurbin abin da aka kashe cikin 'yan watanni. Lambun da aka daɗe ana zuba masa guba kan wayi gari babu mafarauta, ga ɓeraye sun dawo. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Ungulu ma, mai share mushe, ta yi ƙaranci har ta kai a 2015 aka saka irin wadda aka saba gani a mahautanmu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, kuma guba na cikin dalilan.

Mujiya ta fi kowa shan wahala, domin camfi ya sa ana jifanta a duk inda aka ji kukanta. A gonakin kwakwar manja na Malesiya kuwa, akwatuna ake kafa mata a kan sanda don ta zauna ta yi ƙwai, saboda gidan mujiya ɗaya na cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara. A Amurka, hukumar kare muhalli ta taƙaita sayar wa jama'a magunguna masu ƙarfi na hana daskarewar jini a 2008, Jihar Kalifoniya kuma ta ƙara tsaurara dokar a 2020 saboda namun daji.

Sai batun mutanen da ke cin gafiya da kurege. Yaran da ke farauta a gefen fadama ba su da hanyar sanin cewa gafiyar da suka kama cikin sauƙi ta ci magani jiya.

Abin da ya kamata a gabatar

Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ciyawar da aka bari a kan iyaka da bakin magudanar ruwa, da tarin karan da aka jibge, da ruɓaɓɓen tumatir da aka zubar a gefe, su ne masaukin ɓera. Share su, da toshe ramuka, da ɗana tarkuna tun kafin shuka ta yi 'ya'ya, sun fi tasiri idan dukkan masu lambuna a fadama ɗaya suka yi su a mako guda, domin wanda ya yi shi kaɗai ɓerayen maƙwabcinsa ne za su cike masa gurbi. Wannan aiki ne da sarkin noma da ƙungiyoyin manoman fadama za su iya tsarawa.

Idan ɓarna ta kai matsayin da sai an sa magani, to a sayi mai lambar rajistar NAFDAC a shagon kayan gona, tare da shawarar malamin gona. A sa shi a cikin guntun bututu ko gora ko tukunyar da aka kife aka huda mata ƙaramar ƙofa, yadda kaza ko hannun yaro ba zai kai ba, nesa da rijiya da magudanar ruwa. A sanar da maƙwabta da mai unguwa da arɗon Fulanin da ke kusa. Kowace safiya a tattara gawarwaki da shebur ko da leda a hannu, saboda zazzaɓin Lassa, wanda ya fi yaɗuwa a watannin rani, sannan a binne su da zurfi. Bayan 'yan kwanaki a kwashe ragowar maganin a binne, kada a bar shi har ruwa ya wanke shi zuwa tafki. Ba a ajiye shi a kwalbar lemo ko kusa da hatsi, ba a kuma aiken yaro sayensa.

Wanda ake zaton ya ci maganin, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da ledar ko kwalin, don ma'aikatan lafiya su san irin da ya ci. Masu tsanani akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada kuma a tilasta masa yin amai. Idan ya yi aman da kansa, a buɗe taga ko a fitar da shi fili, domin iskar fosfin da ke fita daga aman na iya cutar da masu jinya. Wanda ya ci mai hana jini daskarewa kan yi kwana biyu ko uku garau kafin jini ya fara fita ta hanci ko dasashi ko fitsari, don haka rashin ganin alama a ranar farko ba dalilin zama a gida ba ne.